Tafinta a Cikin Kwamfuta: Yadda Manhaja Ke Sarrafa Sauti a Kan Wayar Tarho

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa shiga intanet ta wayar tarho ta girke a ƙarshen shekarun 1990 zai tuna da wani kuka da kwamfuta kan yi kafin hanya ta buɗe. Da farko a ji fito mai tsawo, sa'an nan wasu 'yan ƙararraki, daga bisani kuma a ji shuuu kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Mutane da yawa sun ɗauka hayaniya ce kawai, alhali kuwa na'urori biyu ne ke gaisawa, suna auna hanyar da ke tsakaninsu, suna kuma shirya yadda za su yi magana. Sunan kowace ɗaya daga cikin na'urorin nan modem, aikinta kuwa tafinta: tana mayar da lambobin kwamfuta su zama sauti, ta kuma mayar da sautin da ya zo ya koma lambobi.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda aka ɗauke wannan tafinta daga cikin akwatinsa aka mayar da shi manhaja, watau jerin umarnin lissafi da ƙwaƙwalwar kwamfuta ke bi. Za mu ga cewa kowace dabara da aka ƙirƙiro amsa ce ga wani aibi na wayar tarho, kuma dukkan dabarun suna komawa ne ga ninkawa da tarawa. Za mu kuma ga abin da aka biya domin samun wannan sauƙi.

2.0 WAYAR TARHO DA IYAKARTA

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san hanyar da za a bi. Sauti kaɗawa ce, kuma ana auna kaifinsa da yawan kaɗawar da yake yi a daƙiƙa ɗaya. Kunnen matashi na iya jin daga kaɗawa 20 har zuwa wajen 20,000, amma wayar tarho an tsara ta ne domin muryar mutum kaɗai, saboda haka ba ta wucewa da komai sai abin da ke tsakanin 300 da 3,400. Ɗaliban ilmin furuci sun san illar wannan: wasula suna wucewa lafiya, amma zuzau irin su "s", waɗanda galibin ƙarfinsu ke sama da 4,000, sukan dushe, har mai sauraro ya ce a maimaita masa suna.

Ban da ƙuncin hanya, akwai wasu aibobi huɗu. Na farko, sauti yana raunana gwargwadon tsawon waya. Na biyu, waya ba ta yi wa sautuka adalci, domin wani kaifin yakan iso da ƙarfi, wani da rauni, wani kuma a makare. Na uku, akwai amsa-kuwwa. Na huɗu, akwai hayaniya wadda ba ta rabuwa da kowace hanyar lantarki. A shekarar 1948 Claude Shannon, masanin lissafi na ɗakin binciken Bell a Amurka, ya nuna cewa faɗin hanya da yawan hayaniyarta su ne ke yanke iyakar saƙon da za ta iya ɗauka. Idan aka yi wannan lissafi ga layin tarho mai kyau, iyakar takan faɗo wajen bit 35,000 a daƙiƙa. Bit kuwa shi ne mafi ƙanƙantar saƙo, watau ko 0 ko 1. Tarihin modem duka ƙoƙari ne na kusantar wannan iyaka.

3.0 ABIN DA YA KOMA MANHAJA

Modem na asali yana da sassa uku. Akwai sashen da ke haɗuwa da layi, wanda ke kare kwamfuta daga wutar layin, ya gane shigowar kira, ya kuma "ɗaga" waya ko ya "ajiye" ta. Akwai sashen sarrafa sauti, wanda ƙwayar silikon ce ta musamman da ba ta da wani aiki sai lissafi. Sa'an nan akwai shugaban aiki, mai karɓar umarnin kwamfuta irin waɗanda kamfanin Hayes ya fito da su a 1981, mai kuma kula da gyaran kurakurai da matse saƙo.

A tsakiyar shekarun 1990 ƙwaƙwalwar kwamfutocin gida ta yi ƙarfin da ya zarce bukatar mai rubuta wasiƙa, sai masu ƙera modem suka ga babu dalilin sayar wa mutum ƙwaƙwalwa ta biyu alhali ta farko na zaune. Wasu suka cire shugaban aiki kaɗai suka mayar da shi manhaja. Wasu kuwa, irin su PCtel da Motorola, suka cire har da sashen sarrafa sautin. Abin da ya rage a jikin katin bai wuce sashen haɗuwa da layi ba, da wata 'yar ƙwaya mai mayar da sauti lambobi da mayar da lambobi sauti. Wannan nau'i na biyu shi ne abin da muke nufi da modem na manhaja.

4.0 DAGA SAUTI ZUWA LAMBOBI

Kwamfuta ba ta jin sauti, lambobi kaɗai ta sani. Saboda haka 'yar ƙwayar nan takan auna ƙarfin wutar da ke kan layi sau dubbai a daƙiƙa, ta miƙa kowane awo a matsayin lamba. Ƙa'idar da ake dangantawa da Harry Nyquist da Shannon ta ce idan yawan awon ya haura ninki biyu na sauti mafi kaifi da ke cikin saƙon, to babu abin da ya ɓace. Shi ya sa cibiyoyin tarho ke awo sau 8,000 a daƙiƙa. Modem na manhaja kuwa yakan zaɓi adadin da ya dace da lissafinsa, alal misali 9,600.

Da zarar sauti ya zama jerin lambobi, sai babban makamin aikin ya shigo, watau mataci. Mataci a nan lissafi ne kawai: a ɗauki awo na baya-bayan nan guda kaza, a ninka kowanne da wani nauyi da aka ba shi, a tara. A ce awo uku na ƙarshe su ne 4 da 8 da 6, nauyinsu kuma rubu'i da rabi da rubu'i. Sakamako shi ne 1 da 4 da 1.5, jimla 6.5. In sabon awo ya shigo, sai mafi tsufa ya fita, a sake lissafi. Ta hanyar zaɓen nauye-nauyen nan ana iya tace sauti mai kaifi a bar mai kauri, ko a yi akasin haka. Mai karatu ya riƙe wannan misali, domin kusan duk abin da zai biyo baya mataci ne cikin wata sabuwar riga.

5.0 ƊORA SAƘO A KAN SAUTI

Hanya mafi sauƙi ita ce a ba 0 sautinsa, a ba 1 nasa, kamar yadda makaɗin kalangu ke matse tsarkiya ko ya sassauta ta domin sauya karin sauti. Haka modem ɗin Bell 103 na 1962 ya yi. Mai kira yana amfani da kaɗawa 1,070 a madadin 0, da 1,270 a madadin 1. Mai amsawa kuwa 2,025 da 2,225. Da yake kowa da nasa sautukan, suna iya magana a lokaci ɗaya. Sai dai saurin bai wuce bit 300 a daƙiƙa ba.

Domin a ƙara sauri sai aka koma ga wata dabara. Ana riƙe sauti guda mai kaifi ɗaya, wanda za mu kira ɗan dako, a riƙa sauya masa abubuwa biyu: ƙarfinsa da matakin kaɗawarsa. Misalin mataki shi ne mata biyu da ke lugude a turmi ɗaya. Saurinsu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya, amma sa'ad da taɓaryar wannan ke sama, ta waccan tana ƙasa. Bambancinsu na mataki ne, rabin zagaye cur. Idan aka haɗa ƙarfi iri-iri da mataki iri-iri, sai a sami alamomi masu yawa, kowace tana wakiltar bit da dama. Akan zana su a matsayin ɗigogi a kan takarda, kowane ɗigo da lambobinsa biyu, ta kwance da ta tsaye.

Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da ke Jeniba ita ce ke tsayar da ƙa'idojin da kowane modem zai bi, tana kuma sa musu suna da harafin V. Ƙa'idar V.22bis ta 1984 tana da ɗigo 16, kowanne bit 4, ana aika 600 a daƙiƙa, jimla bit 2,400. Ƙa'idar V.32 ta wannan shekara tana aika alama 2,400 a daƙiƙa a kan ɗan dako mai kaɗawa 1,800, ta kai bit 9,600. V.32bis ta 1991 ta kai 14,400 da ɗigo 128. V.34 ta 1994 ta kai 28,800, aka ƙara ta zuwa 33,600 a 1996.

A manhaja ba a bukatar wata na'ura mai samar da ɗan dako. Jadawalin lambobi kawai ake ajiyewa. Idan ana awo sau 9,600 a daƙiƙa, ɗan dakon 1,800 yana cika zagaye uku daidai a cikin awo 16, saboda haka jadawali mai gida 16 ya wadatar, a yi ta maimaita shi. Manhaja takan ɗauki lambobi biyu na ɗigon da za a aika, ta bi da su ta mataci domin kada sautin ya fantsama waje da hanya, ta ninka su da jadawalin, ta miƙa wa katin. Kafin wannan kuma takan dagula jerin bit ɗin bisa wata ƙa'ida da ɗaya ɓangaren ya san yadda zai warware, don kada dogon jerin 0 ya sa sauti ya tsaya cik. Wannan dagulawa ce ke sa maganar modem ta yi kama da ruwan sama a kunne.

6.0 AIKIN MAI KARƁA

Aikawa ba wuya. Wahalar tana wajen mai karɓa, wanda zai gane ɗigon da aka nufa bayan waya ta gama ɓata shi.

6.1 Ƙarfi, Agogo da Ɗan Dako

Da farko manhaja takan auna matsakaicin ƙarfin abin da ke shigowa, ta ninka shi da adadin da zai kai shi matsayin da ake so. Na biyu, agogon mai aikawa da na mai karɓa ba sa taɓa zama daidai. Ko da bambancin kashi ɗaya cikin 10,000 ne, a saurin alama 2,400 ba a cika daƙiƙa biyar ba sai an zame da alama guda. Don haka manhaja takan lura ko tana awo da wuri ko a makare, ta kuma ƙididdige abin da awon zai kasance a tsakanin awo biyu na gaskiya. Na uku, idan ɗan dakon mai karɓa ya saɓa da na mai aikawa, ɗigogin duka sukan riƙa juyawa kamar fanka. Manhaja takan auna kusurwar da kowane ɗigo ya kauce, ta juya jadawalinta kaɗan domin ta bi shi.

6.2 Madaidaici

Saboda wasu sautuka na isowa a makare, kowace alama takan bar wutsiya wadda ke shiga cikin alamomin da ke biye da ita, kamar mai magana a cikin babban zaure wanda kalmarsa ta farko ba ta gama mutuwa ba ta biyu ta fito. Maganin wannan shi ne madaidaici, watau mataci mai warware ɓarnar da layi ya yi. Amma kowane kira da nasa layin, don haka ba za a iya yanke nauye-nauyensa tun daga masana'anta ba. A 1965 Robert Lucky na ɗakin binciken Bell ya fito da madaidaici mai gyara kansa. Hanyar gyaran da ta fi yaɗuwa kuwa ita ce wadda Bernard Widrow da Ted Hoff na Jami'ar Stanford suka bayyana a 1960. Ga yadda take: bayan kowace alama, a duba tazarar da ke tsakanin inda ɗigo ya faɗo da inda ya kamata ya faɗo, sa'an nan a gusa kowane nauyi kaɗan zuwa wajen da zai rage tazarar. A farkon kira mai aikawa yakan turo jerin alamomin da mai karɓa ya riga ya sani, domin madaidaici ya koyi halin layin. Bayan nan sai ya ci gaba da gyara kansa da saƙon gaskiya.

6.3 Share Amsa-kuwwa

Daga V.32 zuwa sama, modem biyu suna magana lokaci ɗaya a kan sautuka iri ɗaya. Waya biyu ce tak ke zuwa gida daga cibiyar tarho, ita ke kaiwa ita ke kawowa, kuma a duk inda aka raba hanyar zuwa da ta dawowa, wani abu daga muryar mai aikawa yakan komo masa. Sau da yawa wannan amsa-kuwwa ta fi saƙon da ake jira ƙarfi. Dabarar ita ce, modem ya san abin da ya faɗa. Sai ya bi da shi ta wani mataci mai kwaikwayon hanyar amsa-kuwwar, ya debe sakamakon daga abin da ya shigo. Abin da ya rage shi ne maganar ɗaya ɓangaren. Wannan mataci ma da hanyar Widrow da Hoff yake koyo. Akwai amsa-kuwwa ta kusa, akwai kuma ta nesa, wadda kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa idan kiran ya bi ta tauraron ɗan'adam. Fiton farko da ake ji, mai kaɗawa 2,100, wanda matakinsa ke juyawa bayan kowane kashi 450 cikin 1,000 na daƙiƙa, saƙo ne ga cibiyoyin tarho cewa su kashe nasu na'urorin share amsa-kuwwa, modem zai yi da kansa.

6.4 Hukunci Bisa Jeri

Idan ɗigogi suka yi yawa sai su matsu, hayaniya kaɗan ta tura wannan zuwa gidan wancan. A 1982 Gottfried Ungerboeck na ɗakin binciken IBM da ke Zurik ya wallafa mafita mai ban mamaki: a ninka yawan ɗigogin, amma a hana wasu bin wasu. A V.32 bit 4 sukan zama 5, ɗigo 16 su zama 32, sai dai ba kowane jeri ne halattacce ba. Mai nazarin harshe zai gane wannan nan da nan. Bahaushe na iya cike kalmar da ya ji rabinta, domin tsarin gaɓar Hausa da nahawunta ba su yarda kowane sauti ya bi kowane ba. Haka mai karɓa ba ya yanke hukunci a kan alama ɗaya. Yakan jira wasu su biyo, ya zaɓi halattaccen jerin da ya fi kusa da abin da ya ji. Hanyar yin wannan zaɓe ba tare da gwada kowane jeri ba ita ce wadda Andrew Viterbi ya bayyana a 1967.

7.0 KEWAYE IYAKAR SHANNON

V.34 ta zo dab da iyaka. Takan fara da aika jerin sautuka masu tazarar 150 a tsakaninsu domin ta auna layi, sa'an nan ta zaɓi ɗan dako da saurin da suka dace, har zuwa alama 3,429 a daƙiƙa. To, ta yaya V.90 ta 1998 ta kai 56,000? Amsa ita ce ba a karya ƙa'idar ba, hanyar ce ta sauya. A lokacin, tsakanin cibiya da cibiya murya ta riga ta zama lambobi: awo 8,000 a daƙiƙa, kowanne bit 8. Babban tushen hayaniyar shi ne mayar da sauti lambobi a cibiya. Idan kamfanin intanet ya haɗu da cibiya kai tsaye da lambobi, saƙon da ke gangarowa ba ya bi ta wannan mataki. Aikin mai karɓa sai ya zama gane wane ne aka turo daga cikin matakan wuta 256 da cibiya ke iya fitarwa. Waɗanda ke kusa da sifiri sun matsu ainun, don haka kimanin rabi ake amfani da su, watau bit 7 sau 8,000. Saƙon da ke hawa kuwa ya tsaya a 33,600, sai V.92 ta 2000 ta ɗaga shi zuwa 48,000.

8.0 ABIN DA AKA BIYA

Bari mu ƙiyasta nauyin aikin. A ce madaidaici yana da nauyi 40. Da yake kowane ɗigo lambobi biyu ne, kowane nauyi na bukatar ninkawa huɗu, watau 160 ga alama ɗaya, 384,000 a daƙiƙa a saurin 2,400. Gyaran nauye-nauyen zai ci kamar haka kuma. Wannan sashe ɗaya ke nan daga cikin da yawa. Abin da ya taimaka shi ne umarnin MMX da Intel ya sa a ƙwaƙwalwar Pentium a 1997, wanda ke yin ninkawa huɗu a bugu ɗaya.

Amma babbar matsalar ba yawan lissafi ba ce, lokaci ne. Layi ba ya jira. Ƙwayar silikon ta musamman ba ta da wani uban gida, ita kuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta tana yi wa manhajoji da yawa hidima. Akan tara awo a wata ma'ajiya, alal misali 96, watau kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa, a sarrafa su gaba ɗaya. Idan wata manhaja ta riƙe ƙwaƙwalwa fiye da haka, ma'ajiyar aikawa ta ƙare, ta karɓa ta cika ta zube. Nan take lissafin mai share amsa-kuwwa ya rikice, domin ya dogara ne ga sanin wane awo da ya fita ya dace da wane da ya shigo. Sai modem biyu su koma gaisuwa daga farko, ko kiran ya yanke. In kuwa aka faɗaɗa ma'ajiyar, sai jinkiri ya ƙaru, alhali ƙa'idojin gaisuwar sun yanke lokacin da dole a ba da amsa.

Akwai kuma wani farashin. Tun da modem ɗin ya zama manhaja, wanda ya riƙe manhajar shi ya riƙe na'urar. Yawancin kamfanoni sun rubuta tasu domin Windows kaɗai, ba su kuma bayyana sirrinta ba, har aka riƙa kiran irin waɗannan katuna Winmodem. Masu amfani da Linux da dama sun tarar katin da suka saya da kuɗinsu ba ya yi musu komai, haka kuma wanda ya sabunta kwamfutarsa bayan kamfani ya daina kula da katin.

9.0 KAMMALAWA

A taƙaice, mun ga cewa kowane aibi na wayar tarho ya sami lissafin da ke maganinsa: rauni da ninkawa, wutsiyar alama da madaidaici, amsa-kuwwa da debewa, hayaniya da hukunci bisa jeri. Modem na manhaja bai ƙirƙiro ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya tabbatar shi ne, in dai ƙwaƙwalwa na da sauri kuma tana cika alkawarin lokaci, na'urar sadarwa na iya zama rubutu wanda ake gyarawa ba tare da an taɓa ƙarfe ba.

Shiga intanet ta wayar girke ya ja baya ƙwarai. A Nijeriya wayar salula ta GSM, wadda ta fara aiki a 2001, ita ce ta mamaye fagen. Amma dabarun suna nan da ransu. Manhajar SpanDSP, wadda kowa ke iya karanta rubutunta, tana yin aikin modem na fakis ba tare da wata ƙwaya ta musamman ba. Taswirar ɗigogi ita ce ke ɗauke da saƙo a Wi-Fi da 4G, mai share amsa-kuwwa kuma shi ne ke hana mutum jin muryarsa tana dawo masa idan ya buɗe lasifikar wayarsa. Wanda ya fahimci abin da ke faruwa a cikin kukan nan na 'yan daƙiƙoƙi, ya riga ya fahimci rabin abin da wayar da ke aljihunsa ke yi.